Korona ta tafi, gajiya ta zauna: yadda na bi layin asibiti a Kumasi

Ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, babbar unguwar makanikai ta Kumasi a ƙasar Gana, ina zaune da iyalina a unguwar Aboabo. A ƙarshen Disamba na 2021, hunturu ya buso, ƙura ta rufe gari, na kwanta da abin da na ɗauka murar kowace shekara ce. Zazzaɓi, kaikayin maƙogwaro, tari, ga gaɓoɓi kamar an yi mini dukan ɓarawo. A kwana na huɗu uwargida ta kawo tuwo da miyar ayoyo da ta ji daddawa, ban ji ƙamshin komai ba. Nan ta tsare ni sai na je an gwada. Aka zura ɗan tsinken auduga a hancina, sakamako ya ce korona ce. Ban kwanta asibiti ba. Kwana goma na yi a ɗaki, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, kullum dare ina sirace da ganyen darbejiya, ana jefa ƙwallon kafur biyu a ruwan zafin, irin farin nan da ake sa wa cikin akwatin tufafi, domin wani maƙwabci ya ce yana buɗe ƙirji. A tsakiyar kwanakin fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, uwargida ta ce idona ya yi ɗorawa. Na ce zafin zazzaɓi ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zazzaɓi ya sauka, tari ya ragu, na koma shago. A nan ne abin da nake son ba da labari ya fara. Ni da nake ɗaga kan inji da yaro ɗaya, sai ga shi matakala goma sha biyu ta sito tana sa ni zama in huta. Zuciya na bugawa kamar ganga. In na ɗago daga ruku'u sai masallaci ya juya mini. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mantuwa: mai saye zai tambayi kuɗin abin da na shekara goma ina sayarwa, in tsaya ina kallonsa. Wata rana kuma in tashi garau, in yi aiki kamar da, washegari da jibi in kasa tashi daga katifa. Siracen kafur kuwa ban daina ba, duk bayan kwana biyu ko uku ina yi, har Janairu ya ƙare.

Matakin farko, kamar kowa, kemis. Aka ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da gwaji ba, aka haɗa da kwalbar maganin ƙarin jini. Ba abin da ya canja. Mataki na biyu shi ne wanda nake jin kunyarsa. Wani abokin kasuwa ya tura mini lambar wasu mutane a WhatsApp, masu ofis a saman bene, da fararen riguna da firiji mai sanyi. Suka ba ni wani ƙarfe na riƙe a tafin hannu na minti ɗaya, kwamfuta ta fitar da takardu shafi shida masu launin ja da kore. Sidi 50 kuɗin wannan. Budurwar da ke wurin ta ja layi a ƙarƙashin wata kalma, ta ce, “Alhaji, matsalarka ke nan, oksidetif sitires ɗinka ya hau sosai.” Na fito da kwalabe huɗu na sidi 620, da umarnin in riƙa shan bitamin C mai miligiram 1000 sau uku a rana, da alƙawarin in dawo mako mai zuwa a sa mini ƙarin ruwa na bitamin C ta jijiya, sau uku, kowanne da kuɗinsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kwana biyar da fara shan ƙwayoyin, cikina ya ɓaci, na ƙara gudawa a kan gajiya.

Allah ya taimake ni, ranar Asabar ɗan yayata ya zo gaishe ni. Yana karatun gwaje-gwajen asibiti a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Ya karɓi takardun ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce, “Kawu, kalmar gaskiya ce, takardar ce ba gaskiya ba.” Ya ce ba wani ƙarfe da mutum zai riƙe a hannu ya auna abin da ke cikin jininsa. Na ce to kalmar fa, me take nufi? Sai ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce iskar oksijin da muke shaƙa ita ce jiki ke ƙona abinci da ita ya samu ƙarfi, kuma kamar yadda mai walda ba ya aiki ba tartsatsi, haka wannan ƙonawar take fitar da 'yan ƙananan tartsatsi a cikin ƙwayoyin jiki. Idan cuta ta shigo, fararen ƙwayoyin jini da gangan suke ƙara watsa wannan tartsatsin domin su ƙone abokin gaba da shi, har da sinadarin nan haidurojin feroksaid da ake wanke ciwo da shi, jiki na yin nasa. Jiki kuma yana da masu kashe tartsatsin, waɗanda yake ƙerawa da kansa kamar gulutatayon da katales, da waɗanda yake samu daga abinci kamar bitamin C da E. In tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashe shi, sai ya fara cin kitsen bangon ƙwayoyin jiki, da furotin, har da ƙwayar gado. Wannan rinjayen shi ne ma'anar kalmar, kuma wani masani Bajamushe, Helmut Sies, shi ya fito da ita a 1985. Na ce ashe tsatsa ce. Ya yi dariya ya ce kusan haka. Tun ranar nake kiranta tsatsar cikin jiki, domin na san abin da damina ke yi wa ƙarfen da ba a shafa wa mai ba.

Amma ya roƙe ni abu ɗaya. “Kawu, don Allah kada ka bari a sa maka ruwan nan sai an gwada jininka a asibiti.” Na tambayi dalili, ya ce bari likita ya faɗa, shi ɗalibi ne. Ya kuma ɗauki ɗaya daga kwalaben ya karanta, ya ce a gaya wa maƙwabcin shagona, wanda muka saya tare kuma yake shan taba, ya ajiye tasa. Akwai bita-karotin mai yawa a ciki, kuma wani babban bincike da aka yi a Finland, wanda aka fitar a 1994, ya nuna masu shan taba da aka ba ƙwayar sun fi kamuwa da sankarar huhu a kan waɗanda ba a ba ba. Abin da aka sayar mana a matsayin garkuwa ke nan.

Sai maganar katin inshorar lafiya. Na zaro nawa na tarar ya fi shekara da mutuwa. Sabuntawa ba wuya, na danna *929# a waya, na biya ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ko minti biyar ban yi ba. Abin da ban sani ba shi ne, a lokacin, wanda ya bar katinsa ya daɗe a mace sai ya jira wata guda kafin ya fara aiki. Na ji wannan ne a gaban taga, bayan na shafe awa biyu a layi. Ina da zaɓi biyu, in koma gida in jira, ko in biya daga aljihu. Na biya. Wanda ke karanta wannan yana lafiya ƙalau, ya ajiye wayar nan ya duba ranar da ke kan katinsa.

Asibitin gwamnati ne na kusa da mu. Rana ta biyu na koyi darasi, daga sallar asuba na hau pragya, keken haya mai ƙafa uku, duk da haka na tarar da mutum kusan talatin a gabana. Ka fara karɓar kati, a nemo fayil ɗinka, ka koma wani benci a auna hawan jini da zafin jiki da nauyi. Nas ta maƙala mini ɗan abin nan a yatsa, ya nuna 97, ta ce iskar da ke jinina lafiya lau. Raina ya ɗan ɓaci, domin na so na'ura ta gaskata ni. Bugun zuciya kuwa 104 ina zaune. Sai wajen sha ɗaya da rabi na shiga wurin likita, wata matashiya da ba ta kai 'yata ta fari da yawa ba. Na fara zuba mata labarin tsatsa, ta saurara, sannan ta ce, “Baba, mu fara da abubuwan da ake iya gani a kuma magance.” Ta rubuta gwajin ƙidayar jini gaba ɗaya, zazzaɓin cizon sauro, sukari, ƙoda da hanta, hoton ƙirji, da majina saboda tarin fuka, tunda tarin ya wuce mako biyu. Na sukari sai da na dawo washegari ban ci komai ba, wanda da an gaya mini tun farko da na zo da azumina. Na tarin fuka kyauta ne, an ba ni ɗan gwangwani in tofa. Hoton ƙirji na yi a waje domin nasu injin ba ya aiki a makon. Duka-duka abin da na kashe a wannan matakin bai kai kuɗin kwalabe huɗun nan ba.

Bayan kwana huɗu na koma da takardu a cikin leda. Ba zazzaɓin cizon sauro, ba tarin fuka, sukari daidai, huhu fes. Jini ne ya yi ƙasa, 11.2, alhali namiji baligi ana so ya kai 13. Ta dube ni ta tambaya ko na taɓa ganin fitsarina ya yi duhu. Na ce ƙwarai, lokacin zazzaɓin. Ta tambayi me na sha, me na shaƙa. Da na ambaci kafur sai ta ajiye biro. Ta ce in daina daga yau, in daina ƙwayoyin ofishin bene, kada kuma in kuskura a sa mini ruwan. Ta rubuta mini takardar turawa zuwa babban asibiti. Wannan takardar ku riƙe ta da kyau, ku yi mata hoto a waya, domin in ba ita inshora ba za ta ɗauki nauyinku a can ba, kuma ni sau uku aka nemi in nuna ta a tagogi daban-daban.

A babban asibiti ba a ganin likita ranar da aka je. Ranar farko rajista ce kawai da karɓar rana, aka ba ni mako uku. Waɗannan makonni su ne mafi nauyi a zuciyata. Kasuwa na tafiya ba ni, yaran shago na kira suna tambayar farashi, mutane na zuwa dubiya suna cewa ai ka yi ƙiba, ka warke. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce tsufa ne, ni da ko hamsin ban kai ba. Har uwargida, wadda ta fi kowa haƙuri da ni, wata rana ta ce, “Malam, anya ba tunani ne ya yi maka yawa ba?” Ban amsa ba. Ciwon da ba ya kumbura ba ya jini, mai shi kaɗai ya san da shi.

Ranar ta zo a tsakiyar Maris, katina ya riga ya fara aiki. Aka manna mini wayoyi a ƙirji aka ɗauki rubutun bugun zuciya, aka sa ni tafiya a baranda na minti shida da abin nan a yatsa ana kallon ko iskar za ta sauka. Ba ta sauka ba. Aka sake ɗibar jini, wannan karon har da wani gwaji da ake kira G6PD, wanda na biya da kaina a wani ɗakin gwaji na waje. Bayan mako guda na zauna gaban wani likita dattijo mai furfura a gemu, Bahaushen Tamale, muka yi maganarmu ba tafinta. Ya ce jini ya hau zuwa 13.1, zuciya lafiya. Sannan ya ce ina da ƙarancin G6PD, kuma da shi aka haife ni.

Abin da ya bayyana mini ya haɗu da na ɗan yayata kamar ƙusa da ramin ta. Jajayen ƙwayoyin jini su ne masu dakon oksijin, kullum suna cikin tartsatsi, kuma G6PD shi ne sinadarin da ke sabunta musu gulutatayon, wato mansu na hana tsatsa. Wanda nasa ya yi kaɗan yana rayuwarsa lafiya, shekara arba'in da shida ban san ina da shi ba, sai ranar da tartsatsi ya yi yawa ƙwayoyin su farfashe. Baƙin fitsarin nan da ɗorawar ido, ragowar fasassun ƙwayoyin ne. Ya ce zazzaɓin kansa na iya jawo haka, kafur ma na iya jawowa, ni kuwa na haɗa biyun. Ya ce bitamin C mai yawa ta jijiya, wanda ake sayarwa da sunan kashe tartsatsi, a jinin mai irin halina yana iya zama tartsatsin da kansa, ya fasa jini har ya taɓa ƙoda. Na tuna ranar Talatar da aka ba ni in koma saman bene, na ji sanyi ya ratsa ni. Ya ce abin ya yawaita a Afirka ta Yamma, masana na danganta hakan da 'yar kariyar da yake bayarwa daga zazzaɓin cizon sauro, kuma a duniya ana ƙiyasta mutum wajen miliyan 400 ke da shi. Ɗa namiji daga mahaifiyarsa yake gadonsa. Ya ƙara da cewa da an yi gwajin a Janairu, lokacin da jini ke farfashewa, zai iya fitowa lafiya ƙalau, domin sababbin ƙwayoyi sun fi tsofaffi yawan sinadarin, ita kuma jar ƙwaya kwana 120 take rayuwa. Jinkirin da nake ta ƙorafi a kai ya yi mini rana.

Ya rubuta mini jerin abin da zan kiyaye a bayan katin asibiti: kafur, da magunguna irin su firimakwin, dafson da naitirofurantoyin, da umarnin in faɗa wa duk likita ko mai kemis halina kafin a ba ni magani, musamman masu sulfa kamar Septrin da Fansidar. Na tambayi wake, domin na ji ana cewa masu wannan hali ba sa cin wake, ni kuma in aka raba ni da waakye, wato shinkafa da wake, da ƙosai an gama da ni. Ya yi murmushi ya ce wakenmu ba ruwansa. Wanda ake nufi shi ne babban waken nan da ake dafa ful da shi a Masar da Sudan da Saudiyya. “In Allah ya kai ka Makka, Alhaji, ka ci burodinka da shayi, ka bar musu ful ɗinsu.”

Sai na ce to jini ya dawo, me ya sa har yanzu matakala ke kayar da ni? Ya ce wannan ciwo na biyu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi ma'ana a Oktoba na 2021: alamun da ke tare da mutum wata uku bayan kamuwa da korona, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba wata cuta da ta bayyana su. Gajiya, ƙarancin numfashi da dushewar tunani su ne kan gaba. Na tambaye shi kai tsaye ko tsatsar ce, kuma ko akwai gwajinta na gaskiya. Ya ce masu bincike suna auna abubuwa kamar malondayaldihaid, wato tokar da ke saura in tartsatsi ya ci kitse, da yawan gulutatayon, kuma an ga sun sauya a jinin masu korona da wasu da ke murmurewa. Amma wannan aikin ɗakin bincike ne, ba gwajin da ake yanke wa majinyaci magani da shi ba, kuma tsatsar ɗaya ce cikin abubuwan da ake zargi, tare da kumburin cikin jiki da bai lafa ba da rikicewar garkuwa. Game da bitamin C kuwa, ya ce abin da namiji ke bukata a rana bai kai miligiram 100 ba, lemu biyu sun biya, kuma in aka haura 2000 gudawa da tsakuwar ƙoda ke biyo baya. Ni 3000 nake sha.

Maganin da ya ba ni ba a kemis yake ba, kuma na raina shi da farko. Ya ce in sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, kullum in rubuta abin da na yi da yadda na tashi washegari. Cikin mako biyu na ga abin da idona: duk ranar da na ji ƙarfi na zage, kwana biyu nake biya. Sai na koma rabin yini a shago, in tsaya tun ban gaji ba, in yi ƙailula bayan azahar. Tafiya daga gida zuwa masallaci, bayan mako in ƙara layi ɗaya. Ya ce kafin in nemi abin kashe tartsatsi in fara rage wanda nake shaƙa, kuma duk wanda ya san Magazine ya san abin da ake nufi: hayaƙin walda, na salansa, na tayar da ake ƙonawa, da fentin da ake fesawa a fili. Na matsar da kujerata can cikin shago, na koma sa takunkumi in iska ta juyo. A gida muka bar maganin sauro na kunnawa muka ɗaura gidan sauro, aka fitar da murhun gawayi tsakar gida. Abinci kuwa ba sabon abu: kontomire, wato ganyen gwaza, zogale, kuka, gwanda, lemu, gyaɗa, manja kaɗan, da sobolo, wato zoɓo, da aka rage wa sukari.

Azumi ya kama farkon Afrilu. Na tambayi likita, ya ce ba abin da ya hana a takarduna, amma in saurari jikina. Na tambayi limaminmu, ya karanto mini ayar Baƙara da ta ba marar lafiya izinin ramawa, ya ce, “Alhaji, sauƙin da Allah ya ba ka kada ka mayar masa.” Na sha takwas, na rama bayan Babbar Salla. Tarawihi a zaune na yi rabinta, ina jin idon mutane a kaina, ko kuwa ni nake zaton haka.

Da zan sake bin hanyar nan, asibitin unguwa zan fara zuwa tun makon da na ga baƙin fitsari, da duk kwalaben da nake sha a cikin leda, in kuma faɗi har abin da nake ganin ba magani ba ne, kamar sirace. Wata biyu aka yi ana neman abin da jimla ɗaya ta warware, domin ba wanda ya tambaye ni ni ma ban faɗa ba. Zan rubuta tambayoyina a takarda kafin in shiga, saboda minti goma ne rabonka bayan jiran awa biyar, kuma kai mai mantuwa ne a lokacin. Wanda kuma numfashinsa ke yankewa yana zaune, ko ƙirjinsa ke ciwo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan ba na littafin rubutu ba ne, sashen gaggawa zai nufa a daren.

Sai wajen Agusta na hau matakalar sito na sauko ban lura ba, yaron shago ne ya ce, “Maigida, yau ba ka zauna ba.” Kwalabe huɗun suna nan a kan kanta bayan akwatin fulogi, ban zubar ba. Da na kai wa yayata labarin gadon, ta ce ita ba ta san wannan ba a gidanmu, mahaifiyarmu har ta rasu ba ta taɓa baƙin fitsari ba. Na ce mace na iya ɗauke da shi ba ta sani ba, ta ba 'ya'yanta maza. Ɗanta ya koma makaranta ya sa abokin karatunsa ya ɗebi jininsa. Ranar Juma'a bayan an sauko ya kira ni. “Kawu, ni ma ina da shi.” Yanzu saura ƙannensa biyu, da ɗan ƙanwata da ke Nima a Akara.